Gurbin Furfura

Ga ta nan, ga ta nanku. Na san kuna can riƙe da waya, wani a kan gado wani a cikin mota, ba mai amsa mini, to bari in amsa wa kaina: ta zo mu ji ta. Sai dai wannan ba ta Gizo ba ce, tawa ce, kuma wanda dariya ta kama a hanya ya yi abarsa, ba zan ji haushi ba.

Ni da kuke ji na haura hamsin, ina da jikoki, gwiwata ta hagu tana sanar da ni hadari tun kafin ya haɗu. Kuma da shekarun nan nawa na yi saurayi. E, saurayi na ce. Babbar 'yata ta ce in riƙa cewa manemi don mutunci, na ce mata mutumin da yake fesa turare ya tsaya a ƙofar gida yana gyara zaman hula kafin ya yi sallama, saurayi ne ko da haƙora biyar suka rage masa. Amma kafin in kai ku wurinsa sai na fara kai ku wurin mijina, Allah Ya jiƙansa, don daga can zancen ya taso.

Furfura ake ce masa. Tun yana ɗan ashirin da 'yan kai aka laƙaba masa sunan, lokacin ko farin gashi ɗaya babu a kansa. A kamfanin da ake yin rufin ɗaki da silin da bututun ruwa yake aiki, irin na asbesto ɗin nan masu ruwan toka, kuma shi ne a kan zarton inji. Allo ya zo, ya daidaita shi, ya tura, zarto ya ci, ƙura ta tashi fari fat. In ya dawo da yamma kansa fari, girarsa fari, har gashin hanci. Yaran layinmu su bi shi suna cewa Furfura ya dawo, shi kuma ya duƙa ya dogara lema kamar tsoho, yana tarin ƙarya don ya ba su dariya. Har yau in na tuna tarin ƙaryar nan sai na ajiye abin da ke hannuna.

Kamfanin yana da wata al'ada. Duk wanda ke aiki cikin ƙura, in an tashi ana miƙa masa gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Su kuma sun yarda da haka ɗari bisa ɗari. Furfura ba ya shanye tasa. Sai ya sha rabi a bakin get, ya toshe hujin da takarda ya kawo wa yara sauran. In na yi magana ya ce ai rabin ƙirjin ya wanku, gobe sai a wanke ɗaya rabin.

Ni kuwa rabona rigar ce, shuɗiyar rigar aiki mai haɗe da wando. Kafin in tsoma ta a ruwa sai na kai ta bayan ɗaki na kakkaɓe, na bubbuga ta da bango, don in ba haka ba sabulu ba ya kumfa, ruwan ya koma kamar an dama siminti. Ƙurar ta tashi cikin hasken rana tana ƙyalli, in na tuna in ja mayafi in rufe baki, in ban tuna ba shi ke nan. Sama da shekara talatin ina wannan aikin.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Maganarsa ce ta fara gajarta. Mutumin da in ya ɗauko labari sai shayi ya huce a kofi, ya koma magana guntu-guntu, ya faɗi kalma uku ya tsaya, ya kalli gefe kamar mai tunani, sannan ya ƙarasa. Aka ce sanyi ne, aka ce asma ce, muka sha maganin tari kwalba-kwalba. Ranar da abokan aikinsa suka shigo mini da shi a riƙe, da rigar aikin a jikinsa, ranar muka tafi babban asibiti. Aka huda masa gefen ƙirji aka zuƙo ruwa, na ga abin da idona ban yarda daga jikin mutum ɗaya ya fito ba.

Likitar wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tambayi aikinsa, da ya faɗa sai ta ajiye biro. Ta ce ƙurar nan tana da wasu siraran gashi kamar allura, ido ba ya ganinsu, in sun shiga huhu ba sa fita. Su zauna shiru shekara ashirin, talatin, sannan su zama ciwon daji a fatar da ta lulluɓe huhun. Furfura ya ce mata ai suna shan madara. Ta ce madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu. Ya dube ni da robar iskar da aka sa masa a hanci ya ce, "Ashe ba hanyarsu ɗaya ba." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Daga nan ta juyo ta tambayi wa ke wanke masa kaya. Na ce ni mana, wa kuma. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirjina ni ma, kuma abin da hoton ya nuna zan gaya muku in mun je wurin. Ta ce rigar da aka kawo shi da ita kada a sake kakkaɓe ta, a yayyafa mata ruwa a ɗaure a leda a rabu da ita. Na yayyafa, na ɗaure leda biyu, amma na kasa rabuwa da ita. Na ɗora ta can saman kabad.

Bai kai shekara ba. Kuma abin da zai ba ku mamaki, har ya koma ga Allah bai taɓa zagin kamfanin nan ba. Cewa yake shi ya ciyar da mu, shi ya aurar masa da 'ya'ya mata. Ga kuma al'adarsu ta biyu, wadda ita ce tushen rigimata: in ma'aikaci ya mutu, ana ajiye wa ɗansa gurbinsa. Wata rana yayan mijina, wanda yara ke kira Baffa, ya zo dubiya, Furfura ya kama hannunsa ya ce masa, guntu-guntu, ɗanmu Auta zai gaje shi a zarto. Ina tsaye ina matse tsumma. Na ci gaba da matsewa, don ba a jayayya da mutumin da ke neman numfashi. Amma a raina na ce, ka yafe mini Malam, wannan kam ba za a yi ba.

A zaman makoki Baffa yana waje yana ce wa mutane ciwon ƙirji ne, kwana ya ƙare. Ni kuma ina ciki, duk macen da ta tambaye ni sai in ce ƙurar kamfani ce. Ya aiko a ce mini in kama bakina, wannan rashin tawakkali ne. Na ce a gaya wa Yaya na yarda da ƙaddara, amma wannan ƙaddarar na san launinta, na san warinta, ni na riƙa kakkaɓe ta a bayan ɗaki. Tun daga nan gaisuwarmu ta zama ta sama-sama.

To, yanzu ga saurayin. Heluma ne a kamfanin, a rumfar yankan allo, wato shi ke kula da masu zarto, kuma da sunan muƙamin kowa ke kiransa. Aminin Furfura ne, yana cikin waɗanda suka riƙo shi ranar nan. Gajere ne mai ɗan tumbi, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa duk sun yi gidajensu. Da na gama takaba ya fara zuwa gaisuwa. Yau ya zo da burodi, gobe ya lura famfona yana ɗiga ya dawo da sifana. Har ƙofar kabad ɗin da ba abin da ya same ta sai da ya ɗaure mata ƙusa. Babbar 'yata ta ce, Inna, mutumin nan in aka bar shi zai gyara gidan nan har ya rushe, ki taimaka masa ya faɗi abin da ke ransa. Ita ta saka mini manhajar saƙo a waya ta koya mini danna alamar magana, tunda daga ni har shi rubutun waya wahala yake ba mu.

Nan fa saƙonni suka fara sauka. Kuma ba ya aiko ɗaya, sai a jere, ƙanana-ƙanana.

"Gimbiya, ina kwana."

Ƙit, ya yanke. Sai wani ya shigo.

"Ya gwiwar?"

Sai wani.

"Na ga lemo mai kyau."

Sai wani.

"Na ce ko a kawo."

Gimbiya, ni, da gwiwata. Jikokina suka ɗauka, in sun zo sai ɗaya ya maƙale murya ya ce Gimbiya, ɗaya ya ce ƙit, su faɗi ƙasa suna dariya. 'Yata ta ce kunya ce, ya faɗi kalma biyu sai zuciyarsa ta buga ya saki. Ni ma haka na ɗauka, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Na ciro koren leshina daga ƙasan akwati, wanda na ce ba zan ƙara sawa ba. Na nemo kwalli. Na tsaya gaban madubi ina ɗaura ɗankwali ina kwancewa kamar mai zuwa biki, alhali tsakanin ɗakina da falo ne tafiyar.

Ranar da abin ya ɓaci, da koren leshin nan a jikina. Heluma ya shigo da babbar jaka, fuskarsa sai sheƙi take, ya ce a kira masa Auta. Auta shi ne ɗana namiji tilo, ya wuce ashirin da biyar, ya koyi haɗa wayar lantarki amma aikin sai jefi-jefi. Yana neman wata yarinya mai ɗinki a ƙarshen layinmu, yarinya mai hankali, mahaifinta kuwa ya ce ba zai sa rana ba sai ya ga aikin da ake fita kullum. Heluma ya ajiye jakar a gabana kamar wanda ya kawo kayan aure. Ya ce wata da watanni yana zarya a ofis, don akwai masu neman gurbin Furfura ta bayan fage, amma ya tsaya kai da fata sai da aka rubuta sunan Auta. Farkon mako zai fara. A cikin jakar akwai sabuwar shuɗiyar riga ko ledarta ba a cire ba, da takalman aiki.

Kafin in buɗe baki Auta ya shige ɗaki ya fito da ita a jikinsa. Tsawon nan, faɗin kafaɗar nan, har yadda yake naɗe hannun riga. Ubansa sak, ranar da na fara ganinsa, farin kan kawai ya rage.

Na ce, "Cire."

Ya ɗauka wasa nake. Heluma ma ya yi 'yar dariya. Na maimaita, ban ɗaga murya ba. Heluma ya tattara hularsa ya ce bari ya je, ana jiransa.

Ba irin maganar da Auta bai kawo mini ba. Ya ce yanzu ba kamar da ba ne, ana ba da takunkumi. Na ce ina wucewa ta get ɗin in zan je kasuwa, ina ganin takunkuman a rataye a wuya saboda zafi, wuyan ne ke numfashi? Ya ce wasu sun shekara arba'in a wurin suna nan garau. Na ce kira mini sunayensu. Ya kira uku, na ce biyu daga ciki na je gaisuwar mutuwarsu kana makaranta. Ya ce wasiyyar Baba ce. Na ce Babanka mutumin kirki ne, amma shi ne mutumin da ya yarda madara tana wanke huhu. Sai ya ce, Inna, zaman banza ma kisa yake, kina so in zuba ido a aurar da ita ga wani? Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce masa duk da haka ba za ka je ba. Ya ɗauki maganar ya kai wa Baffa, Baffa ya aiko cewa za a zauna a falona gobe da la'asar, har da Heluma.

Washegari da hantsi ina tsince shinkafa, zuciyata ba daɗi, na kunna tsofaffin saƙonnin Heluma ina ji. Kada ku yi mini dariya, ku ma kuna yi. A nan kunnena ya kama wani abu. Ƙarshen kowane saƙo akwai ɗan jan iska, siriri, kafin ya yanke. Na koma baya na sake ji. Na iske wani da ya makara bai ɗaga yatsa da wuri ba, sai ga kan tari ya leƙo, busasshe, daga can ƙasa, aka datse shi. Na san tarin nan. Na kwana da shi a ɗaki ɗaya. Ashe ba kunya ba ce, numfashin ne iyakarsa ke nan, yana saki ya yi tarinsa inda ba zan ji ba, sannan ya sake dannawa ya ce Gimbiya. Na ture farantin shinkafar na zauna na daɗe.

Da la'asar suka hallara. Baffa ya zo da 'yar jikarsa mai shekara uku, wadda yake kira amaryarsa, ba ya zuwa ko'ina sai da ita. Ya zauna a babbar kujera ya ɗora ta a cinya tana wasa da carbinsa. Heluma yana gefe, hula a gwiwa. Auta a ƙasa kusa da ƙofa. Fanka tana juyawa a sama.

Baffa ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa. Ya ce wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce, kuma a hannunsa aka bar ta. Ya ce ba ƙura ke kisa ba, ajali ne, mutum nawa suka mutu ba su taɓa ganin zarto ba. Ya ce uwa ba ta tare wa ɗanta abinci. Sannan ya kawo wadda ya san za ta fi ciwo, ya ce bawan Allahn nan ya zubar da girmansa a ofis saboda ni, in na watsa masa ƙasa a ido kada in sa ran zai sake tako gidan nan, shi ma kuma Baffa ya cire hannunsa daga maganar aurena.

Na bari ya gama tsaf. Na ce Yaya a yi mini haƙuri kaɗan. Na shiga ɗaki, na taka kujera da gwiwar nan tawa, na sauko da ledar daga saman kabad. Na kawo ta na ajiye a kan teburin tsakar falo, daidai ƙarƙashin fanka.

Na ce, "Yaya, rigar ƙaninka ce, wadda aka kawo shi da ita. Ba a wanke ba. Ka ce ƙura ba ta kisa, to ga ta, ka kakkaɓe mana ita a nan. Sau ɗaya ya isa."

Ya ce wane irin shirme ne wannan. Na sa hannu na fara kwance ƙullin ledar farko. Allah Ya sani ba zan buɗe ta biyun ba, amma Baffa bai sani ba. Ledar tana yin ƙara sai na ga hannun Baffa ya tashi da kansa ya rufe hanci da bakin yarinyar, ya juya fuskarta ya cusa cikin rigarsa. Ya ce wa Auta, da sauri, kashe fankar nan.

Ba wanda ya motsa. Baffa ya dubi hannunsa kamar na wani ne. Na mayar da ƙullin na ɗaure.

Na ce, "Nawa ɗan ma hanci gare shi, Yaya."

Auta ne ya amsa, idonsa ja. Ya ce ƙirjinsa ne, shi zai shaƙa, ya ji ya gani, in shekara talatin ce a ba shi talatin ɗin ya yi aurensa ya rayu kamar kowa. To a nan na faɗi abin da na riƙe tun asibiti, wanda ko babbar 'yata ban gaya wa ba. Na ce hoton da aka ɗauke ni ya nuna tabo a huhuna, gefe biyu. Ba ciwon dajin ba ne, likita ta ce tabo ne na ƙurar, a riƙa dubawa, yana iya zama haka har in mutu da wani abin, yana iya kuma juyawa.

"Ban taɓa shiga get ɗin kamfanin nan ba, Auta. Ko madarar ba a ba ni ba. Wanki kawai na yi. Kai wa zai wanke maka taka?"

Ya ce shi zai wanke abarsa. Na ce kai da kofin shayinka ma sai ya kwana, to na ji, ka wanke. Gashin kanka fa, a get za ka bar shi? In ta haihu, a wace kafaɗa za ka saɓa jaririn? Ya tashi ya fita bai rufe ƙofa ba. Baffa ya saɓa amaryarsa ya ce tunda na zama namiji a gidan sai in ji da shi, ya bi bayansa.

Saura ni da Heluma. Na raka shi bakin ƙofa, na ga yadda ya dafa bango kafin ya sa takalmi. Na tambaye shi me ya sa saƙonsa yake zuwa guntu-guntu. Ya ce yatsansa ne ke zamewa, wayar santsi gare ta.

Na ce, "Na yi jinyar irin wannan santsin, Heluma."

Ya sunkuyar da kai. Na ce masa ni ba yarinya ba ce da zan tsaya ɓoye-ɓoye, ina sonsa, leshin nan ba don fanka na sa shi ba. Amma in sai na ba da ɗana zan same shi, to ya tafi da turarensa, na yafe. Na ce abu ɗaya nake nema, ya turo mini saƙo ɗaya dogo, kada ya ɗaga yatsa ko me zai fito. Ya sa hularsa a karkace ya tafi.

Shiru. Ranar ta wuce, wata ranar ma ta wuce, wayata ko ƙit. Ina duba ta har a kicin, ina girgiza ta ko ta lalace. Na ninke leshin na mayar ƙasan akwati. Auta ya daina cin abincina, ya shigo ya shige ɗaki, sabuwar rigar tana rataye a ƙusa inda zan gan ta in na wuce. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba, amma ban aika wa kowa ban-haƙuri ba.

Ranar da zai fara aiki, gari na wayewa na ɗauki kujerar tsugune na dasa ta a tsakiyar ƙofar gida, na zauna na cika ta, carbi a hannu, waya a cinya. Ƙofarmu ɗaya ce. Auta ya fito cikin shuɗiyar riga da takalman, ya tsaya a bayana. Ya ce Inna ki matsa. Na ce sai dai ka tsallake ni, kuma ka sani in ka tsallake zan bi ka har get in zauna a can, da kujerata. Maƙwabciyarmu ta leƙo da tsintsiya a hannu ta koma. Muna nan a haka, shi bai tsallake ba ni ban matsa ba, sai wayar ta yi ƙara.

Saƙo ɗaya ne, dogo. Na ƙure murya na danna.

"Gimbiya. Ban ɗaga ba. Ki ji."

Sai numfashi, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ya ce ya daɗe da sanin abin da ke ƙirjinsa, tsoro ne ya hana shi zuwa a duba. Ya ce shi a tunaninsa in yaron yana ƙarƙashinsa zai kula da shi, ya riƙa ba shi madara biyu. Ya yi wata 'yar dariya a nan, dariyar ta jawo tarin. Jama'a, tarin nan ya yi tsawo. Ana ji ya dafa wani abu, ana ji abin ya faɗi, ana ji yana neman iska ta ƙi zuwa, kuma bai ɗaga yatsan ba. Ban waiwaya ba, amma na ji takalmin Auta ya ja baya.

Da ya lafa ya ce, "Na je ofis. Na sa an cire sunan. Auta, in ka zo, ni zan mayar da kai." Ya numfasa. "Gimbiya, wane asibiti ne? Likitar nan mai tabarau."

Saƙon ya ƙare. A duk abin da aka taɓa gaya mini na soyayya, da na ƙuruciya da na tsufa, ba wanda ya kai tarin nan.

Na ji Auta ya koma ciki. Na zauna ban motsa ba, don ban san da me zai fito ba. Ya ɗan jima, sannan ya fito da tsohuwar rigarsa ta gida da silifa, ya tsaya inda ya tsaya ɗazu.

"Inna, matsa in wuce. Ba zai iya hawa matakalar asibitin nan shi kaɗai ba."

Na janye kujerar.

Ga yadda kowa ya ƙare. Hoton Heluma ya nuna ƙurar ta cinye masa huhu sosai, amma ba ciwon dajin ba ne, aƙalla zuwa yanzu. Ya bar aiki. Mun yi aure, ƙanina ya tsaya mini tunda Baffa ya ƙi, kuma koren leshin na sa. Yana kwana a kan filo uku, yana turo mini saƙo daga falo ina kicin, da tarin da komai. Auta ya kama aikin waya wurin wani mai kwangilar gine-gine, abin da ake samu bai kai na kamfani ba, aurensa ya ja da baya shekara guda, yarinyar ta jira, yanzu tana da ciki. Baffa yana amsa gaisuwata da ka. Tsohuwar rigar na kai wa likita ta sa aka rabu da ita yadda ya kamata, sabuwar kuma an mayar musu. Tabona yana nan yadda yake, ana dubawa. Gurbin Furfura an ba ɗan wani, yaro ne ƙarami da bai kai Auta ba, na je har gidansu na gaya wa uwarsa abin da na gaya muku, ta ba ni ruwa ta raka ni ƙofa, yaron yana zuwa aiki. Kamfanin yana nan, ana ba da madara. Ni kuma duk ranar kasuwa ina tsayawa a get ɗin da kujerata, mai son ji in ba shi labarin rigar.

Ƙurunƙus, nan tawa ta tsaya.